Zauren Makanike: Tsohuwar 206 ta shigo gida, ina kuɗin farko zai tafi?

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 mutane ke jingine manyan motoci suna rububin ƙanana, kuma haka wasiƙunku na wannan watan suka nuna. Yawancinsu a kan Peugeot 206 suke, sai ɗaya daga Jamhuriyar Nijar a kan Toyota Starlet. Ga waɗanda fili ya ɗauka.

TAMBAYA: Baba Makanike, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne a Gusau. Makon jiya Allah ya hore mini 206 ƙirar 2003, inji 1.4, giyar hannu. 'Yar gida ce, ina jin ni ne na uku ko na huɗu a kanta. Bugu ɗaya take tashi, ba ta hayaƙi. Naira 300,000 ta rage mini, ina so in sa mata ƙafafun alminiyam masu inci 17, da babbar lasifika a but, da baƙin gilashi. Wanne zan fara?

AMSA: Allah ya sanya alheri, Malam, ya tsare hanya. Amma ka yi haƙuri, a cikin ukun nan ba wanda za ka fara.

Motar nan ta haura shekara ashirin a duniya. Abin da maleji ya nuna maka kada ka kafa hujja da shi, domin juya shi aikin 'yan mintoci ne. Haka kuma maganar dillali. Ban taɓa jin dillalin da ya ce motarsa kabu-kabu ta yi ba, kullum wata Hajiya ce ke hawa, daga gida sai asibiti. Saboda haka ka ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba, kai ne za ka buɗe mata sabon littafi.

Farkon abin da za a kwance shi ne murfin taimin bel. Injin 1.4 mai bawul takwas da ke cikin motarka inji ne mai haƙuri, amma yana da sharaɗi guda. Bel ɗin roba ne ke haɗa juyin ƙasan inji da na sama, shi ke sa bawul ya kauce kafin fistin ya iso. Ranar da ya tsinke, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, kuma ba ya yin sallama, kana cikin tafiya kawai za ka ji mota ta mutu. Daga nan sai sauke kan inji, aikin da zai cinye abin da ya rage maka ko ya kusa. Ka sa a canza bel ɗin da abin da ke ɗaure shi, a haɗa da famfon ruwa, domin a wannan injin bel ɗin ne ke juya famfon, kuma famfon da ya fara rawa shi ke kashe sabon bel. Sabo za ka saya, a kwalinsa. Akwai kayan da nake yarda a ɗauko na Beljiyam, kamar ƙofa ko fitila ko akwatin giya, amma ban da roba da ta riga ta sha zafi a wata ƙasa. Ko a Ƙofar Ruwa a Kano ko a Panteka a Kaduna, kaya iri ɗaya sukan zo hawa-hawa, kwali ɗaya kuɗi daban. Ka je da makanikenka, ka ce na gaske kake so, kuma in an gama aiki a ba ka tsohon a hannu. Ka rubuta ranar da abin da maleji ya nuna. A zafinmu da ƙurarmu ni ba na barin bel ya wuce kilomita 60,000 ko shekara huɗu, duk wanda ya riga zuwa.

Sai juye. Injin nan lita uku da ɗan ɗori yake sha, don haka kada yaron gareji ya tuttula masa galan mai lita huɗu gaba ɗaya da sunan alheri. Man da ya wuce alamar sama a sandar awo yakan tura robobin inji su fara zuba. Idan injin ba ya cin baƙin mai, 10W-40 ya dace da shi. Mai kauri irin 20W-50 sai injin da ya gaji. Duk kilomita 5,000 a yi juye tare da sabuwar matatar mai. Man giya kuma, wanda na tabbata ba wanda ya tuna da shi tun da motar ta sauka daga jirgi, 75W-80 ne, kusan lita biyu.

Birki na gaba kowa na dubawa. Na baya ne ake mantawa, saboda a rufe yake cikin ganga. A buɗe a gani, sau da yawa ƙaramin tulun da ke tura takalmin birkin yana tsiyaya, ya jiƙe komai, motar na tsayawa da ƙafa biyu kawai mai ita bai sani ba. Man birki DOT 4 ne, yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Ba a ƙara masa ruwa, ba a ƙara masa ruwan sabulu, ko da wa ya gaya maka.

Daga nan ka tsuguna ka karanta gefen tayoyinka. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2317, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2017, komai kyan zanenta ta tsufa. Safayar 206 a ƙarƙashin motar take rataye cikin keji. Ka sauke ta ka gani da idonka, an sha sayar da mota da kejin wayam.

In an gama waɗannan, abin da ya saura a aljihunka shi za mu yi wa kwalliya da shi, kuma ina ganin ba zai kai na ƙafafu ba. Ko ya kai ma, inci 17 ba na hanyar Gusau zuwa Funtuwa ba ne. Tayar da motarka ta zo da ita, 175/65 R14, tsayin gefenta kusan milimita 114 ne. Wadda za ta hau inci 17, wato 205/40, milimita 82 kawai gare ta. Wannan gefen robar shi ke fara shanye duka kafin ya kai ga shokazoba. Ka rage shi, rami ɗaya ya isa ya kumbura taya ya lanƙwasa ƙafa, ga ƙarin nauyi a kan inji mai ƙarfin doki 75, ga ƙarin shan mai. In rai ya ƙi haƙura, ka tsaya a inci 15 da taya 185/55, zagayenta kusan ɗaya ne da ta asali. Ka kuma lura, ramukan kusoshin ƙafar motarka 4x108 ne, wato huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 108, na Golf 3 da yawancin ƙananan motocin Japan 4x100 ne. Ba a fafe rami don ƙafa ta shiga. Kusoshin ƙafar alminiyam ma daban suke da na ƙarfe.

Lasifika ba ni da ja a kanta, muddin rewayan ya san 206. Ƙirar shekararka wutarta duk ta cikin wani akwati da ake kira BSI take bi, shi ke kula da fitilu da makullin ƙofa da goge gilashi, shi ke gane makullin motar. Rewayan da ya saba da tsohuwar 504 zai datse duk wayar da ya ga tana da wuta ya jona, washegari ka tarar fitilu na kamawa da kansu ko mota ta ƙi tashi. A ja waya daban daga batir, da fis kusa da batir ɗin. Kuma duk lokacin da za a cire kan batir, a kashe mota a jira minti uku zuwa biyar tukuna akwatin ya yi barci.

Baƙin gilashi kuwa akwai dokar 1991 a kansa, sai da izinin 'yan sanda. Malamin makaranta da zai bi shingaye kullum, me zai kai shi?

TAMBAYA: Baba, ina wuni. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya. 206 ɗina da na saya wata biyu da suka wuce allurar zafinta na haurawa in na shiga cunkoso wajen Kwangila. Makanike ya ce a cire tamostat a jona fanka kai tsaye, wai na ƙasar sanyi ne. In yarda?

AMSA: Lafiya lau, 'yata. Kada ki yarda. Wannan ita ce fatawar da ta fi kowace yawo a garejojinmu, kuma ta fi kowace cin kuɗin masu mota a ɓoye.

Tamostat ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. Da safe a rufe take, don ruwa ya tsaya cikin inji ya yi saurin ɗumama. Idan ya kai wajen digiri 89 sai ta buɗe. An ƙera injin ne ya yi aiki a kusan digiri 90, ko a Faransa ko a Sabon Gari. In an cire ta, injin zai daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfutar motar kuma muddin tana ganin sanyi za ta ci gaba da ƙara fetur. Feturin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, yana gangarawa cikin baƙin mai ya tsinka shi. Ga asarar fetur a wannan tsadar, ga inji na cinyewa a hankali. Fankar da aka jona kai tsaye ita ma ba hutu gare ta, ranar da za ki fi buƙatarta ranar za ta ƙone.

Abin da ya fi damuna shi ne, cire ta ba ya warkar da ciwon. Motar da ke zafi a cunkoso ta huce a buɗaɗɗen titi tana gaya miki iska ce ba ta ratsa lagireto in an tsaya. Fankar 206 mai na'urar sanyaya ɗaki gudu biyu gare ta. Ƙaramin gudun yana bi ta wani ɗan ƙarfe mai rage wuta da ke jikin gidan fankar, kuma yana yawan ƙonewa. In ya mutu, fanka ba za ta motsa ba sai allura ta yi nisa, sannan ta taso da ƙara. Ki sa a duba shi, da rilensa, da na'urar da ke auna zafin ruwa. A wanke fuskar lagireto, don ƙurar hunturu da tarkacen leda suna toshe ta. A gwada murfin tulun ruwa, domin murfin da ba ya riƙe matsi yana sa ruwa tafasa da wuri.

Sannan ki leƙa cikin tulun, inji a sanyaye. In kin ga ruwa ja kamar na kududdufi, ruwan rijiya aka daɗe ana zuba mata. Kan injin nan na alminiyam ne, ruwa zalla yana cin sa, yana tara ƙasa a bututun lagireto. A wanke a zuba kulant na gaske, rabi da rabi da tataccen ruwa. Wannan haɗin, da murfi mai kyau, sai ya wuce digiri 120 bai tafasa ba. Wajen cikawa akwai ƙananan kusoshin fitar da iska, dole a buɗe su har ruwa ya fito ba kumfa. Da yawa daga 206 ɗin da ake kawo mini da zafi, iska ce kawai aka bari a ciki.

Tun da kin kai ta gareji, ki ce a buɗe gidan tamostat ɗin. Ba mamaki ki tarar wani ya riga makanikenki cirewa. In babu, a sayo a mayar. A leƙa salansa kuma a ga ko indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, na nan, don shi ma akan fasa a kwashe a sayar ba da sanin mai mota ba. A wajena gyaran da ya fi amfanar tsohuwar mota 'yar gida shi ne mayar mata da abin da aka yi ta cire mata.

In kuwa ruwa na raguwa kullum ba ki ga inda yake zuba ba, ko kika ga wani abu kamar madara a ƙarƙashin murfin baƙin mai, ki ajiye motar. Gaskit ɗin kan inji ne, kuma kowace tafiya ƙara lanƙwasa kan injin take.

TAMBAYA: Oga, daga Bauci nake. Tayoyin baya na 206 ɗina sun kwanta ciki ta sama, kuma ina jin ƙara in na hau tudun rage gudu. An yi alaimen sau biyu, ba canji.

AMSA: An ci kuɗinka a banza, ɗan'uwa, ƙafar bayan 206 ba ta da wurin saiti. Ciwon gidansu ne. Kowace tayar baya tana kan wani hannu da ke lilo a jikin gatarin baya, a kan boris masu siraran allurai. In robar da ke tare ruwa ta mutu, ruwa da yashi su shiga, alluran su yi tsatsa su fara cin sandar da suke juyawa a kai. Shi ne taya ke kwanciya, har ta kai tana gogar bodi ta ciki. In an kama da wuri, boris da robobi kawai za a sauya. Yadda ka kwatanta taka, ina jin sandar ta ciwu, sai dai a buga sabuwa a wurin masu injin matsi ko a sauya gatarin ɗungurungum. In na Beljiyam za ka saya, a ɗaga shi a girgiza kowane hannu a gabanka, don da yawansu da ciwon suke zuwa. Kada ka bari a cusa bututun ƙarfe ko a yi walda a wurin. Kuma buhun masara biyar ba kayan 206 ba ne.

Duk mai shirin sayen irin motar nan, ya tsaya ta bayanta daga ɗan nesa ya kalli tayoyin kafin ya kalli fenti.

TAMBAYA: Baba, ni ɗan kasuwa ne a Kaduna. Ina so in mayar da 206 ɗina mai amfani da iskar gas ta CNG don in huta da fetur. Tsohon inji zai ɗauka?

AMSA: Zai ɗauka in lafiyarsa ƙalau, amma ka yi lissafi uku kafin ka biya, Alhaji.

Ka fara da tasha. In inda za ka sha gas ya yi maka nisa da hanyarka ta kullum, ko layi zai cinye maka rabin yini, ribar ta tafi. Sai wuri da nauyi. But ɗin 206 lita 245 ne kacal, tukunyar ƙarfe za ta cinye yawancinsa, nauyinta kuma ya kai na babban mutum, zaune dare da rana a kan gatarin da muka gama magana a kansa. A tabbatar da lafiyar gatarin tukuna. Ƙarfin mota zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin goma, za ka ji shi a hawa in ka kunna sanyi.

Gas ya fi fetur wuyar kamawa, saboda haka filogi da koyil ɗin da ke lallaɓawa da fetur za su tona kansu, mota ta riƙa shaƙewa. A sa sababbin filogi. Gas kuma busasshe ne, yana sa bawul zama cikin mazauninsa da sauri. In injinka mai bawul takwas ne ka yi sa'a, da hannu ake saita giɓin bawul ɗinsa: milimita 0.20 na shiga, 0.40 na fita, inji a sanyaye. A riƙa aunawa duk bayan juye uku ko huɗu. Ka bar fetur a tanki koyaushe, da shi motar ke tashi, kuma famfon mai yana ƙonewa in ya yi ta juyawa a bushe.

Maganar da ba sassauci a cikinta ita ce ta tukunya. Matsin CNG bar 200 ne a ma'aunin matsi, na tukunyar girki bai kai bar 20 ba. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a tashar gas a birnin Benin na Jihar Edo, aka gano tukunyar haɗin mai walda ce. Ka je cibiyar da gwamnati ta amince da ita, ka ga lambar tukunyar da ranar ƙarewarta a buge a jikin ƙarfen, ka karɓi takarda.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa daga Maraɗi. Na sayi Starlet ta 1997, ina zuwa ƙauyenmu wajen Dakoro da ita, cikinta na taɓa ƙasa a yashi. In ɗaga ta?

AMSA: Ina amsawa, Malam, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Ka yi dace da mota. An daina ƙera irinta a 1999, amma har yau tana cikin masu wuyar mutuwa.

Kafin a ɗaga ta, a mayar da ita tsayinta na asali. Sifirin da ya shekara kusan talatin yana ɗaukar kaya ya zauna, sabo ko mai ƙwari kaɗai zai iya dawo maka da yatsa biyu. In bai isa ba, a sa zoben ƙari a saman shokazoba, kada ya wuce santimita 2 zuwa 3, gaba da baya daidai, sannan a yi alaimen. In aka zarce haka, shaf ɗin gaba zai riƙa aiki a karkace, robarsa ta yage, yashi ya shiga, ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Taya mai ɗan tsayin gefe tana taimakawa: daga 165/70 R13 zuwa 175/70 R13 za ka samu milimita 7. A ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin tukunyar baƙin mai, a bar masa ramin juye da hanyar iska. In ka zo yashi mai zurfi ka rage iskar tayoyin gaba kaɗan, ka shiga da giya ta biyu ba tare da tsayawa ba, ka mayar da iskar da zarar ka hau kwalta, don haka famfon hannu ya zauna a but. Matatar iska kuwa a hanyar nan duk mako ake ciro ta a kakkaɓe, in hasken rana ya daina ratsa takardar a sauya ta.